Bindigar Marigayi da Na Rasa Mai Karɓa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu, da kuma, ta hannunsa, zuwa ga hukumomin jiha waɗanda aka ce maganar makamai a hannunsu take.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan alheri gare ka da iyalinka da abokan aikinka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin lafiya da natsuwa.

Ranka ya daɗe, ƙara na kawo, amma ba zan fara da laifin kowa ba sai nawa. Na yi wa hukumarka ƙarya. Na yi ta da bakina, da rana tsaka, ina cikin hankalina, babu wanda ya tsare ni da sanda. Ni ce matar da ke koyar da matan aure karatu a makarantar Islamiyya ta ƙauyenmu, kuma babin gaskiya da riƙon amana yana cikin abin da na fi maimaita musu. Ina so ka riƙe wannan a ranka yayin da kake karanta sauran, domin kada ka ɗauke ni mai tsarki da ta zo yi wa shugabanni wa'azi.

Mijina, marigayi Malam Idi, manomi ne mai taɓa farautar zomo da zabin daji idan an gama aikin gona. Ya rasu ya bar bindigar toka guda, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Yana da lasisinta tun da daɗewa, amma da sunansa yake, kuma ba a sabunta shi ba tun da ya kwanta ciwo. Ba a raba gado ba saboda 'ya'yanmu na ƙarshe ba su balaga ba, don haka bindigar ta zauna a ɗakina tare da sauran kayan marayu.

A farkon kakar bara, bayan rikicin da aka yi tsakanin manoma da makiyaya a bakin burtalin da ke gabas da mu, ka sa aka yi shela a kasuwa da masallatai cewa duk mai bindigar toka ya kai ta wurin mai unguwa a ajiye har a gama kwashe amfani. Ƙanin mijina, Sale, ya zo ya ce da ni kada in bayar. Ya ce ƙaramar hukuma ba ta da hurumin karɓar makamin kowa, kuma abin da ya shiga ɗakin ajiyar gwamnati ba ya fitowa da kamanninsa.

Mai unguwa ya zo da kansa. Ka san al'adarmu: namiji ba ya wuce zaure a gidan da babu maigida, balle ya ɗaga asabarin ɗakin mace. Ya yi sallama ya tsaya, ni kuma na amsa daga bayan ƙyaure. Ya tambaye ni ko bindigar marigayi tana nan. Na ce an sayar da ita tun yana raye, wajen neman magani. Bai ƙara tambaya ba. Ya yi wa marigayi addu'a, ya roƙe ni gafarar damuna da ya yi, ya tafi. A wasu gidajen ya aika mata tsofaffi su duba. A nawa bai aika kowa ba, domin matansa ɗalibaina ne. Da mutuncin da karatun Alƙur'ani ya ba ni na rufe bindigar nan.

Na daɗe ina bincikar zuciyata a kan dalili. Da farko na ce wa kaina dukiyar marayu nake karewa. Amma mai kare dukiyar marayu yakan faɗi gaskiya ya nemi a rubuta masa shaidar ajiya. Daga baya na ce tsoron Sale ne, alhali Sale bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da ya rage bayan na zubar da waɗannan shi ne, kan ƙotar bindigar akwai wurin da tafin hannun Malam ya goge itacen har ya yi santsi, kuma ban so wani ya jefa ta cikin tarin ƙarafa ba. Wannan ba hujja ba ce a gaban Allah, kuma na sani.

Yanzu ga abin da nake ƙara a kai.

Na ɗaya. Ba a yi nisa da karɓar bindigogin ba sai labari ya sauko daga sama cewa ƙaramar hukuma ta wuce iyakarta. Aka ce dokar makami ta tarayya ce, izinin riƙe bindigar toka kuma daga shugaban 'yan sanda na jiha yake fitowa, ba daga sakatariya ba. Aka kira masu bindigogi aka mayar wa kowa tasa. Ni ba masaniyar doka ba ce, kuma ban yi musun cewa haka dokar take ba. Tambayata ita ce, ranka ya daɗe, me ya hana ka tambaya kafin ka sa a yi shela? Niyyarka mai kyau ce, na shaida. Amma ka san abin da mayar da bindigogin ya koya wa mutane? Waɗanda suka yi maka biyayya an yi ta yi musu dariya a majalisa, ana ce musu masu rawar jiki. Waɗanda suka ɓoye, irina, mu ne muka zama masu hangen nesa. Sale ya shigo gidana yana murmushi ya ce ai ya faɗa mini. Abin kunyar da ya fi ƙaryar kanta shi ne, a ranar na ji sanyi a raina, kamar an wanke ni.

Na biyu, kuma wannan ga hukumomin jiha nake faɗa. Kun hana ƙaramar hukuma karɓa domin ikon naku ne. To, da kuka karɓe ikon, me kuka yi da shi a ƙauyenmu? Babu wanda ya zo ya tambayi wace bindiga ce mai lasisi, wace ce mai ita ya mutu, wace ce bakinta ya tsage aka ɗaure da waya. Rikicin burtali da ya sa aka yi shelar yana nan inda yake. Abin da ya canja kawai shi ne, yanzu kowa ya san mai unguwa ba shi da ikon tambaya.

Na uku shi ne abin da ya biyo baya. Da aka fara tattara harawa, Sale ya zo aron bindigar domin gadin gonar marayun, ya ce tsoratarwa kawai zai yi. Ni na ɗauko ta na miƙa masa. Da yamma, kafin la'asar ta yi sanyi, shanu suka faɗa gefen gonar. Ya harba wajen kan garken. Bai ga cewa akwai mace a bayan shanun ba, tana gudu ta kore su. Dije ce, matar da ta shekara da shekaru tana kawo mini nono da man shanu daga rugarsu, wadda ba ta taɓa auna mini ba tare da ta ƙara ludayi ɗaya ba, wadda ta zauna da ni a kan tabarma lokacin takaba. Ɓarɓashin dalma ya same ta a fuska. An kai ta asibiti a Gumel, an ceci ranta, idonta na hagu bai dawo ba.

Dattawanmu da Ardon rugar su Dije suka zauna suka yi sulhu domin kada wuta ta tashi tsakanin gari da ruga. Sale ya ɗauki nauyin magani, ya sayar da abin da ya sayar. Bindigar kuma aka maido mini da ita, wai kayan marayu ce. Na gaya wa Sale zan rubuta wannan takarda, na gaya wa Ardo. Ardo ya ce in rubuta, Sale kuma tun ranar ba ya amsa gaisuwata yadda ya saba.

Na je duba Dije a asibiti. Ba ta zarge ni ba. Tambayar da ta yi mini ita ce ko ƙwaryarta da ta bari a gidana tana nan, kada yara su fasa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. A gefen gadon nan na ɗaga hannu na yi wa Allah alwashi, a gabanta, cewa bindigar ba za ta sake ganin wata kaka a gidana ba, zan miƙa ta ga hukuma kafin a yanke geron bana.

Na huɗu, ga yadda neman cika alwashin ya kasance. Na fara zuwa wurin mai unguwa, na durƙusa na gaya masa cewa ƙarya na yi masa. Ya ce ya yafe, amma an gargaɗe su kada su ƙara taɓa makamin kowa. Na hau mashin na je sakatariyarka. Ma'aikacin da ya saurare ni ya girmama ni, ya ba ni kujera, ya ce tun abin da ya faru bara ba su da bakin magana, in je wurin 'yan sanda. A can ma ba a wulaƙanta ni ba. Jami'in ya ce maganar bindigar da mai lasisinta ya rasu sai an ji daga babban ofishi na jiha, kuma ya shawarce ni kada in kuskura in ɗauko ta a hanya, domin a shingen bincike ba za a tambayi niyyata ba. Ya ce in koma gida in jira. Na koma na sake komawa, amsar ba ta canja ba.

Na nemi wata ƙofa. Na tambayi malamin garinmu ko ya halatta in lalata ta. Ya ce ya halatta idan zan biya marayu ƙimarta daga dukiyata, na ce na yarda, ina da awaki. Na aika wa maƙeri ya zo ya yanka ta ya yi fartanya da ƙarfen. Ya aiko mini cewa in yi haƙuri, ranar da aka ga bakin bindiga a maƙerarsa ba wanda zai yarda yankawa yake yi. Ga kuma abin da ban faɗa ba tukuna: a ɗure take. Sale ya sake ɗura ta a gona bayan harbin, don tsoron ramuwa, kuma haka aka maido mini da ita. Ban san yadda ake kwance ɗuri ba. Masu sani a garinmu su ne masu son ta. Ba zan jefa albarushi da dalma a rijiyar da mutane ke sha ba, in kuwa na binne ta a cikin gida, kowa ya san inda mace za ta iya haƙa rami.

Mutum ɗaya ne kaɗai ya yarda ya karɓe ta ba tare da wata tambaya ba: wani falke mai bin kasuwar Maigatari, wanda ya aiko mini da matarsa ta ce zai saya ya ƙetara iyaka da ita. Ka duba wannan, ranka ya daɗe. Tsakanin ƙaramar hukuma da jiha babu hannu ɗaya da ya miƙo, sai hannun mai ƙetara iyaka. Na ƙi, amma ban san zawarawa nawa ne irina aka yi wa wannan tayi ba, ban kuma san abin da suka amsa ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. Ka rubuta wa hukumomin jiha, da bakinka na shugaba, ka nemi su turo jami'ansu zuwa fadar hakimi a ranar da za a sanar, domin duk mai son rabuwa da bindiga ya miƙa ta ba tare da tsoron kamu ba. Idan ikon nasu ne, su zo da ikon. Kai kuma ka ba da wuri da shela, wannan dai ba wanda zai ce ya fi ƙarfinka. A zo da wanda ya iya kwance ɗuri, kuma a ɗauko daga gida ga wanda ba zai iya fitowa da ita ba. A ba mai kayan marayu shaida a rubuce. Kuma idan za a sake tambayar gidaje, a zo da mata jami'ai su shiga ɗaki su duba, har da ɗakin malama. Kada a ƙara barin maganar rai a kan kalmar da aka faɗa daga bayan ƙyaure.

Idan akwai hukunci a kan ƙaryar da na yi da aron da na bayar, ina gida, ba zan ɓuya ba.

Allah Ya ba ka mashawarta na gari, Ya haɗa kanku da na sama da ku a kan abin da zai tsare jinin talakawa, Ya sa ka gama mulki da hannu mai tsabta. Allah Ya ba Dije haƙuri da lada, Ya gafarta wa Sale, Ya jiƙan Malam, wanda bai taɓa nuna wa ɗan Adam bakin bindigar nan ba.

An yanke geron bana, an ɗaure dammuna, shanu sun fara saukowa. Jiya Sale ya aiko a tambaye ni ko zan ba shi ita don gadin harawa, na ce a'a, na ƙara kwaɗo a ƙofar ɗakina. Amma bindigar tana nan ƙarƙashin gadona, a ɗure. Na yi kaffarar saɓa alwashi kamar yadda malamin garinmu ya umarce ni, sai dai kaffara ba ta fitar da ita daga gidan ba. Ban cika alwashina ba.

Wassalam, tare da neman gafarar Allah da taku.

Hauwa'u, matar marigayi Malam Idi,
daga wani ƙauye a arewacin ƙasar Gumel.