Hannun da Auta Take Nema

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta zo wuni da jaririyarta. Jikata, amaryata sabuwa! Har maƙwabta na kira su ganta. Hancin marigayiya matata ta ɗauko sak.

Alhamis, 6 ga Maris
Auta ta nuna mini abin da suke ƙerawa a wurin aikinta. 'Yar riga ce mai wayoyi a ciki, tana bubbuga bayan mutum in ransa ya ɓaci. Na ce, "Yanzu har lallashi sai an sa caji?" Ba ta yi dariya ba. Waɗanda suka gwada sun ce kamar agogo ke taɓa su. In ba ta gyara ba kafin ƙarshen wata, za a rufe aikin.

Asabar, 8 ga Maris
Wai irin bubbugawar Innarta take nema, wadda take ji tana ƙarama. "Tana tafiya, sai ta tsaya, sai ta dawo a hankali. Baba, na kasa kamo ta." Marigayiya goyo take yi, ba ta da lokacin zaman lallashi.

Laraba, 12 ga Maris
Amarya ta tsala kuka, na ɗora ta a cinya ina karanta mata kwalin madara. Sai Auta ta daskare a bakin ƙofa. "Ita ce!"

Ashe ni ne. Lokacin da na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci da furfurata, marigayiya takan ɗora mini Auta ta tafi girki. Ina haɗa baƙi ina bubbuga ta. In na cije a kalma mai wuya, hannun ya tsaya. Sai uwarta ta leƙo, ta ɗora hannunta a kan nawa. "Malam, ci gaba mana, kafinta guda kamarka ya ji tsoron ƙusa?"

Auta ta sa mini safar hannu mai waya, ta ba ni jarida. Ta hana ni tabarau don in riƙa cijewa. Ja'ira!

Lahadi, 23 ga Maris
An bar musu aikin. Ta kawo mini rigar guda. Na ce ni ba jariri ba ne.

Na gwada bayan sun tafi, don duba ɗinkin kawai. Tana tafiya, ta tsaya. Daidai nan na ji ina jiran wani hannu a kan nawa.

Ɗinkin ba laifi. Gobe na cire.