Ba Mutuwa Ta Yi Ba, Dusashewa Ce

Zuwa ga Aa Entis, yayana a kira ba a jini ba, sanyin safiyar garinmu Lembang, raɓar ganyen shayi, hasken idona,

Zan faɗa maka abin da ko yayata da muke ɗaki ɗaya ba ta sani ba: garwar madarar nan ba ta fi ƙarfina ba. Tun ina firamare nake hawa tudu da ita. Nishin ƙarya nake yi don ka karɓa, mu jera.

Ka tuna ranar da muka kai madara gidan kallon taurari, Ibu Widya mai binciken sama ta nuna mana hotuna biyu? A ɗaya wani ɗigo na ƙyalli, a ɗayan sai ka matse ido kafin ka gano shi. Ka ce, "Ibu, su ma can ana ɗauke musu wuta?" Ta yi dariya, ta ce taurari biyu ne ke kewaya juna. Ƙaramar tauraruwar fara ce fat, ba ta fi duniyarmu girma ba, amma maganaɗisunta na zuƙo zaren wuta daga jikin abokinta. In zaren ya kwararo sai ta haska. In ya tsuke sai ta dusashe, wata da watanni, ba wanda ya san ranar dawowarta.

Tsarki ya tabbata ga Allah! Wuta na shan wuta a saman kanmu, mu muna nan muna tatsar shanu! Har muka sauko tambaya ɗaya ce a raina. Wa ya gaya wa sama sirrina? Ba haka fuskata take yi ba in ka ɓullo ta kwanar masallaci?

Sai dai Ibu ta ƙara da cewa duk hasken nan daga jikin abokin yake fita, shi yake ramewa. Shekaranjiya kuma na ji mahaifiyarka a kasuwa tana cewa, "Yaron nan kullum a makare yake zuwa makaranta, ga jarrabawa ta matso!" Wayyo, Aa Entis! Ashe safiyarka nake zuƙa?

Ka san yadda muke sa wa fitilar ƙofar gida hula don kada ta ɓata wa masu kallo sama. Ni ma na sa wa tawa. In mun haɗu na sunkuyar da kai, don Allah kada ka ce wutar ƙaunata ta mutu. Ina nan inda nake, ina kewaya ka.

Daga gobe ta bayan gonar kabeji zan bi, garwata a bayana. Ka tafi aji da wuri.

Taka, a haske da dusashe,
Nining