Baba Na Son Sayar Da Keken Mama Saboda Kwandala

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimaka mini da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Tun da mahaifiyarmu ta rasu na ɗauko Baba ya dawo gidana. Direban babbar mota ne a da, mutumin da bai iya zaman wuri ɗaya ba, amma bayan rasuwar sai ya zama daga ɗaki sai tabarma. Abinci ma sai na tsaya a kansa. Ana haka ya ga wani bidiyo a waya, wai akwai tsabar kuɗin da inji ya yi kuskure wajen buga su, kuma masu tarawa suna sayensu da tsada. Wallahi Anti da farko murna na yi. Ya tashi, ya yi aski, ya fara fita.

A kasuwa ya haɗu da wani mai teburin sayar da irin waɗannan sulalla da ake ce wa Mai Gilashi. Tun daga nan kuɗin fanshonsa can suke tafiya. Teburin cin abincinmu ya koma wurin baje sulalla, Baba ya shimfiɗa tawul ɗina mai kyau, kowanne da ledarsa. Akwai wanda hotonsa ya zame gefe, akwai mai gutsurarren baki kamar an cije shi. Ni a shagon magani nake aiki, ina wuni a tsaye. In na dawo ƙafafuna a kumbure, kafin in cire takalmi zai kira ni in zo in gani, in kuma ban nuna mamaki ba sai ransa ya ɓaci.

Yanzu Mai Gilashi ya kawo masa wata kwandala mai hoto iri ɗaya gaba da baya, ya ce babu irinta, kuma akwai wani da ke jira in Baba bai yi sauri ba. Ya bar masa ita ya kwana da ita. Baba ya ce zai sayar da keken ɗinkin Mama ya cika kuɗin. Keken da ta ɗinka mana kayan makaranta da shi. Da na juya kwandalar a hannuna na ga kamar wani siririn layi ya zagaye bakinta.

Maigidana kuwa ya ce duk jabu ne, tarkacen ƙarfe, kuma shi zai faɗa wa Baba a gaban kowa. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini gorin zaman Baba ba, amma bai iya tauna magana ba. Ina tsoron in an karya wa Baba wannan abu ya koma tabarma. Ina kuma tsoron in na yi shiru a cinye shi. Ta yaya ake gane na gaskiya? Kuma nawa ya kamata a saya? Na gaji, Anti.

’Yar da ke tsaka mai wuya

Wa alaikumus salam, ’yata. Sannu da ɗawainiya.

Kuskuren bugu gaskiya ne, akwai shi, kuma wasu na da daraja. Saboda haka maigidanki ya yi gaggawa da ya ce duka jabu ne. Amma a kan wannan kwandala ina ganin yana da gaskiya. Mai hoto ɗaya gaba da baya kusan kullum haɗi ne: a goge bayan kwandala biyu a manna su. Layin da kika gani shi ne ɗinkin.

Gwajin ba shi da wuya. A kai ta wurin maƙerin zinariya tare da ’yar’uwarta lafiyayya, a ɗora kowacce a sikeli. In nauyi ya bambanta, an taɓa ta. A sake su a kan siminti a saurara: lafiyayya tana ƙara siririya mai tsawo, haɗaɗɗiya tana yin tus. Mai gutsurarren baki kuma a duba ta da gilashin ƙara girma. Yankan hannu yana barin kaifi da sawun magagari, na inji kuwa bakinsa a lafe yake, zanen yana dusashewa a hankali kafin ya kai wurin. Wadda hotonta ya zame, in ta gaskiya ce, filin da ya rage zai zama sumul, ba kartar gogewa. Kada kuma a wanke ko a goge ko ɗaya, yana zubar da darajarta.

Farashi ba abin da mai tebur ya faɗa ba ne, ba kuma na bidiyo ba. Abin da aka riga aka sayi irinta ne. A nuna wa masu harkar biyu ko uku da ba su san Mai Gilashi ba, a tambaye su nawa za su biya yau. Shi ma a tambaye shi ko zai karɓi kayansa ya mayar da kuɗi in gwaji ya ƙi. Mai kayan gaskiya ba ya ƙin sikeli, ba ya kuma ƙirƙiro wani mai jira.

Ki roƙi maigidanki ya dakata. Baba ba kwandala kawai yake riƙe da ita ba, dalilin fita ne ya samu. Ki saya masa gilashin da kanki, ki ce ya raka ki wurin maƙerin, ki bar shi ya gano da idonsa. Wanda ya kama jabu da hannunsa gwani ya zama, wanda aka kama masa kuwa kunya ya sha. Batun keke ki faɗa masa kai tsaye cikin ladabi cewa kina so ya zauna a gidan, ke ma uwa kika rasa. Ki sa ’yan’uwanki a maganar, nauyin ba naki ke kaɗai ba ne.

In sikeli ya nuna abin da nake zato, ranar kada kowa ya ce ai mun faɗa. Ku bar shi ya mayar wa Mai Gilashi kayansa da kansa.

Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya ba ki hutu.