Maratayin Sifirin da Surukina Ya Ƙera

Mai wannan fili, barka da aiki. Don Allah ka taimake ni da shawara. Rabin damuwata ya riga ya yaye, na gode wa Allah, amma rabin da ya rage ya hana ni sakat.

Shekarata arba'in da ɗaya, aikina yankan takarda a wata maɗaba'a, inda kuskuren milimita ɗaya kan ɓata littafi dubu. Tun ina sakandare nake rubuta abin da na yi kowace rana a littafin aljihu. Na faɗi wannan ne don littafin yana cikin maganar.

Bara na sayi tsohuwar bas na mayar da ita ɗakin tafiya: gado mai naɗewa, tankin ruwa, murhun gas, akwatin kayan aiki. Saboda surukina na yi, mahaifin maiɗakina, wanda nake kira Baba. Tsohon mai walda ne kuma bakaniken manyan motoci. Kullum zancensa wani tafki ne a bayan duwatsu, inda ya yi aikin hanya yana saurayi, yana so ya sake ganinsa tun gwiwarsa tana ɗaukarsa. Hanyar kuwa duk ramuka da duwatsu. Baba ne ya sa wa motar suna Kunkuru, wai tana yawo da gidanta a baya. Duk Asabar yakan zo ya zauna a kan tsohuwar taya a tsakar gida, yana kallona yana tsokanata da Malam Milimita.

Da kaya suka yi yawa, bayan motar ya zauna. Muka ƙara wa sifirin, wato jerin ƙarafan da ke ɗauke da nauyin motar, ƙarfe ɗaya, sannan aka ga sai an tsawaita maratayinsa. Ga wanda bai sani ba, maratayin shi ne ƙarafa biyun nan da ke riƙe ƙarshen sifirin da jikin shasi, suna lilo gaba da baya idan taya ta faɗa rami, da bushin na roba a kowane rami na ƙusa. Baba ya ce shi zai ƙera. Na so a ƙara santimita takwas, ya ce huɗu sun isa, in ba haka ba Kunkuru za ta riƙa tangaɗi a kwana kamar wadda ta sha wani abu. Ya yanka ƙarfe mai kauri, ya huda, ya yi waldar gicciye a tsakiya. Kwana uku yana yi.

Ranar ɗaurawa gwiwar ta hana shi zuwa, sai na yi ni kaɗai. Na ɗaga motar, na tokare ta, na sa komai a wurinsa, na ɗaure. Mako biyu ina gwaji a hanyar tsakuwa, sai ƙara ta fara, ƙiiƙ-ƙiiƙ kamar tsohuwar ƙofa, bayan motar ya yi tauri. Da na leƙa, robar ta yage tana marmashewa.

A nan na yi abin da nake jin kunyarsa. Muna cin abinci na ce wa maiɗakina idon Baba ya fara rauni, ramukan da ya huda ba su daidaita ba. Ita ba da mugun nufi ba ta faɗa wa mahaifiyarta, wai a lallaɓa shi ya je a duba masa ido. Magana zarar bunu. Sai ga shi ta kai kunnen Baba. Asabar ta zo, bai zo ba. Idan na je gaisuwa yakan amsa da fara'a, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, amma bai sake ambatar Kunkuru ba. Ya kuma daina ce mini Malam Milimita, sunana yake kira cikakke.

Na sayo maratayi na kanti da sabon bushin, na ɗaura yadda na yi da farko. Kwana goma, ya sake yagewa. Sai na kai motar gareji. Bakaniken bai ko tsuguna sosai ba, ya tambaye ni ina tayoyin suke lokacin da na ɗaure noti. Na ce a sama, suna reto. Ya yi dariya har ya dafa motar, ya ce na ɗinka wa mutum wando yana tsugune, sannan na ce ya miƙe. Wai idan aka matse robar alhali motar tana sama, da an sauke motar sai nauyi ya murɗe ta, ta zauna a murɗe har ta yage.

Da na koma gida na buɗe littafina. A shafin ranar da muka yi awo, da hannuna, har na ja layi a ƙasa: Baba ya ce kada a ɗaure noti sai motar ta tsaya da ƙafafunta, da kayanta a ciki. Shafi tara gaba kuma na rubuta cewa na ɗaure komai tam tun tana sama, don sifana ta fi shiga, kuma kada wani abu ya goce wajen saukewa. Ka ga ba ma mantuwa ba ce. Gani na yi na fi shi dabara.

Na mayar da na Baba, na cika tanki, na ɗaure a ƙasa. Kilomita ɗari uku na muguwar hanya na yi, shiru kake ji. Na auna ramukansa, ko gashi bai goce ba. Wallahi ranar na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Amma Baba bai sani ba. Sau uku na je gidansa da littafin a aljihu, na ƙare da zancen zafin rana. Maiɗakina ta ce in bar maganar, manya ba sa son tone-tone, in ɗauke shi kawai mu tafi, zai gane. Shin haka ne? Kuma mutumin da ya yi irin wannan wauta sau biyu, ya dace ya ɗauki tsoho da iyali zuwa cikin duwatsu?

Naka,
Mai Littafin Aljihu

AMSA

Ɗan'uwa Mai Littafin Aljihu, da farko barka. Motarka lafiya, hannun surukinka lafiya, idonsa ma lafiya. Robar bushin kaɗai aka yi asara.

Zargin da ka yi ba abin mamaki ba ne. Wanda ya ga ƙarfen da aka ƙera da hannu ya ba da matsala, shi zai fara tuhuma. Laifinka shi ne bakinka ya riga awonka, kai da awo ne sana'arka. Uwargidanka ma tana da gaskiyarta: ta fi ka sanin mahaifinta, kuma akwai dattawan da dogon ban haƙuri ke takura su. Don haka kada ka je da jawabi.

Amma shiru ba zai yi ba. Ba motar aka taɓa ba, hannunsa aka taɓa, abin da ya ci abinci da shi ya raini matar da kake aure. In ka ɗauke shi ba ka ce komai ba, zai zauna a kujerar gaba yana zaton ƙarfen kanti ne ke ɗauke da shi, nasa kuma yana cikin bola.

Ga abin da za ka yi. Asabar mai zuwa ka cika tanki, ka loda kaya, ka kai Kunkuru ƙofar gidansa, kai kaɗai. Ka gaya masa a jimla biyu cewa kuskuren naka ne, aikinsa ne ke ƙarƙashin motar. Ka buɗe masa shafukan nan biyu. Sannan ka miƙa masa sifana ka roƙe shi ya duba ɗaurinka. In gwiwa ta hana, ya zauna ya ba da umarni. Zai yi maka dariya, wataƙila har shekara. Ka haƙura, kuɗin wanke laifin ke nan. Kafin ka fita ka faɗa wa surukarka ma, domin ta kunnenta maganar ta bi, ta nan ya kamata gyaran ya bi.

Batun tafiya kuwa, ka tafi. Bayan zangon farko na muguwar hanya ka tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe mai taurin ƙasa, ka sake gwada kowane noti, ka duba ko robar ta tsage. Ka riƙe bushin na ajiya. Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Mutumin da ya ajiye shaidar da ta kama shi, ya karanta, ya yarda, ya gyara, ni zan shiga motarsa. Ballantana ga bakanike a gefenka.

Allah ya kai ku tafkin lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ranar da Baba ya sake ce maka Malam Milimita, ka rubuta a littafinka, ka ja layi a ƙasa.