Jirgin Iskar Baffa Ɗanlarai

Ƙofar Dumi, Bauchi
4 ga Satumba, 1960

Zuwa ga uwargidana Madina,

Gaisuwa mai yawa da bege. Ina fata kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi, da surukata Dada da duk mutanen Misau. Kumburin ƙafar ya sauka? Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi tun da kika tafi goyon ciki.

Bayan haka, na jawo wa kaina aiki. Ran Talata na nuna wa ɗalibaina yadda ake samun wata iska mara nauyi da ake kira haidirojin. Na cika ƙaramin balan-balan da ita, na sake shi ya tashi sama. Ashe Baffa Ɗanlarai yana ofishin hedimasta, ya hango. Kin san shi ne shugaban kwamitin bikin 'yancin kai na unguwarmu. Bai ko neme ni ba, ya sanar a gaban kwamiti cewa ɗansa malamin kimiyya zai tayar da jirgin iska mai girman ɗaki, ɗauke da sabuwar tuta, ranar ɗaya ga Oktoba. A bakin masallaci na ji labarin, mutane suna yi mini barka.

Madina, ina tsoro. Muna kwaleji wani malaminmu ya nuna mana hoton irin wannan jirgi na Jamusawa, wanda ya ƙone a Amirka a 1937. Tsawonsa ya fi filin ƙwallo biyu, amma bai yi minti ɗaya yana ci ba ya zama ƙarafa. Mutum talatin da shida suka mutu. Iskar da ke cikinsa ita ce wadda Baffa yake so in cika nasa da ita.

To yaya zan yi? Mutumin nan ya ɗauko ni daga ruga bayan rasuwar mahaifina, ya sa ni makaranta, shi ya nema mini aurenki. Ban taɓa ce masa a'a ba, ban ma san yadda ake fara faɗa ba.

Ki gaishe da Dada. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Hammajoda

18 ga Satumba, 1960

Zuwa ga Madina,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Takardarki ta same ni, man shanun ma ya iso, Allah ya saka.

Kin tambaye ni me ya ƙone jirgin Jamusawan, ko ma kauce masa. Har yau masana ba su haɗa baki ba. Akwai wata iskar da ba ta kama wuta, amma a hannun Amirkawa take, sun hana su, sai suka cika shi da mai ci. An ce wata waya ta tsinke a ciki ta yaga jakar iskar, ta riƙa tsiyaya. An ce hadari aka yi ranar, jirgin ya kwaso wutar da ke cikin gajimare, da aka jefo igiyoyinsa suka jiƙe suka taɓa ƙasa sai tartsatsi ya tashi. Wasu sun ɗora laifin a kan fentin da aka shafa wa ƙyallensa. Wasu kuma sun ce makirci ne, amma ba a kama kowa da shaida ba. Malaminmu ya ƙara da cewa jirgin ya makara, ana jiransa, kowa na gaggawa.

Duk waɗannan ina ganinsu a tsakar gidanmu. Telolin Baffa sun ɗinka alawayyo ya cika zaure. Zakka bakanike, abokina mutumin Bogoro da yake gyara mini keke, shi ke taya ni. Mun shafe ƙyallen da sholisho da fenti kore don kada iska ta fita, yanzu wari ya hana ni kunna ko fitila a gidan. Duk da haka ɗinkin yana tsiyaya. Ga damina ba ta ɗauke ba. An kuma shirya 'yan makaranta su riƙe igiyoyin, maharba na buga bindiga a gefe.

Na je na durƙusa gaban Baffa, na bayyana masa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato ran da Bature zai tafi, ranar za ka gaya wa Bauchi ba mu iya ba? Allah ke tsarewa, Hamma." Abin da na samu kawai, ya yarda a gwada tukuna a fili, can hanyar Gubi, ba yara.

Na yi tunanin in hau mota in taho gare ki. Amma in na gudu, wani za su sa, wanda bai san abin tsoro a ciki ba.

Naki,
Hammajoda

Asibiti, Bauchi
5 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga Madina,

Ina gaishe ki. Kada rubutun ya firgita ki, Malama Liatu ma'aikaciyar jinya ce take rubuta mini, hannuwana suna naɗe. Likita ya ce yatsun za su tsira. Na ji labarin saukarki lafiya, an samu 'ya mace, alhamdulillahi. Allah ya raya mana ita.

Ga yadda aka yi. Ran Alhamis kafin biki muka kai jirgin fili. Muna gama cika shi hadari ya haɗo daga gabas. Na ce a dakata zuwa gobe. Baffa ya zo da baƙi daga kwamiti, ya ce ba za su koma ba su gani ba, ya karɓi igiya da kansa. Aka fara yayyafi. Jirgin ya tashi kamar tsayin giginya, kuma wallahi ya yi kyau, har na ji mutane suna kabbara. Ba wanda ya kunna ashana, ba wanda ya sha taba. Sai na ga wani haske a samansa, kafin in yi magana ya zama wuta. Ƙyallen ya faɗo a kan Baffa, babbar rigarsa ta kama. Da hannu na yage masa ita. Shi gemu da kafaɗa kawai ya ƙone.

Tun daga nan gari ya ɗauka makirci ne. An tuna Zakka ɗan jam'iyyar adawa ne, 'yan doka suka kama shi. A ɗakin tsaro ya yi bikin 'yanci, ni kuma a kan gado ina jin ganguna ta taga. Matarsa Paulina ta zo da goyonta, ta tsaya a ƙofa. Ba ta roƙe ni komai ba, ta ce, "Malam, kai ka san gaskiya."

Gobe alƙali zai aiko a ji ta bakina. In na ce ban san sanadi ba, Zakka zai sha ɗauri. In na faɗi gaskiya, sai na ce na yi gargaɗi aka ƙi ji, in tona wanda ya rene ni a gaban Bauchi. Tun safe nake juya maganar, ban sami hanya ta uku ba.

Ki shafa mini kan jaririya.

Hammajoda

11 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga Madina,

Gaisuwa da fatan ke da jaririya da Dada kuna lafiya. Yaya wankan jego?

Na faɗa. Muhuti, mataimakin alƙali, ya zo da mutum biyu na kwamiti, na ce musu ban san takamaiman abin da ya tayar da tartsatsin ba, ko Jamusawa ba su tabbatar da nasu ba. Amma iskar mai ci ce, ɗinkin yana tsiyaya, ga sholisho, ga hadari. Zakka bai yi komai ba sai abin da na sa shi. Na ce sau biyu na roƙa a fasa, Baffa ya ƙi, ni kuma na kasa tsayawa a kan maganata. Ina faɗa ina jin kamar naman jikina nake yanka.

An saki Zakka. An kuma sauke Baffa daga kwamiti, har yara suna yi masa waƙa a lungu. 'Yan gidanmu sun ɗauke ƙafa, an ce Hajja matar Baffa ta kira ni butulu. Ban san ko za mu ci gaba da zama a Ƙofar Dumi ba.

Jiya da la'asar sai ga Baffa, kafaɗa a naɗe, da kwanon fura a hannu. Bai yi mini sannu ba, bai ko dube ni ba. Ya ja kujera ya zauna, ya dama furar, ya ɗebo a ludayi ya kai mini baki. Na sha. Haka muka yi har ta ƙare. Da zai fita ya tsaya wajen Malama Liatu, ya tambaye ta lokacin da ake buɗe ƙofa da safe.

Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Hammajoda