Tukunyar da Muke Tara Wayoyi

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
Yuli, 2021

Zuwa ga ɗan'uwana Sharif,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hureira da yara. Yaya ƙafar Baba? Ka gaishe shi da kyau.

Na san labari ya riga ni isowa, amma ina so ka ji shi daga hannuna, don a waya na kasa. Nasir ya rasu ranar Talata bayan azahar. Zazzaɓi ya fara da shi, yana ta yi mana wasa wai ciwon masu kuɗi ne ya yi ɓatan hanya. Da numfashi ya ƙi, motar asibiti ta ɗauke shi, ba mu sake ganin fuskarsa ba. Ma'aikata masu fararen kaya har ka su suka yi masa wanka da sutura. Ni da abokinmu Azlan muka tsaya daga bayan shinge a maƙabarta, muna kallo kamar baƙi. Mutumin da ya cika ɗaki da murya, Sharif, ko ƙasa ba mu zuba masa ba.

Matarsa Hauwa'u da 'yarsu Khaulah su ma sun kamu, amma sun warke, alhamdu lillahi. Ina yi musu tapau, wato ƙunshin abinci, in rataye a ƙofa in koma baya mu gaisa. Da zarar takardunta sun kammala za ta dawo Kano.

Jiya ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce tana da muryarsa a waya, amma duk saƙonni ne na a sayo albasa, ko ya makara a tasha. Tana so in samo mata waƙarsa ko guda, don idan Khaulah ta girma ta tambayi wane ne ubanta, a kunna mata. Na ce mata to, sannan na sauko bene ban san inda zan samo ta ba, don kai ma ka san abin da muka yi.

Ka tuna yadda muka kafa ƙungiyar kiɗanmu Tsatsa a saman shagon mai kifin nan na Chow Kit? Kai da bes ɗinka, jitar nan mai kaurin murya, ba ka san komai ba sai rege, Azlan ɗan Malay ne mai son kiɗan fank mai kama da faɗa, ni kuma da gangunan aro. Nasir ya ce a haɗa duka, a fara a hankali sannan a ɓalle da gudu, shi ya ɗora Hausa a kai. Ni kullum sai na riga kowa ɓallewa, shi kuma ya juyo ya daka mini tsawa a tsakiyar baiti. Sannan ga tukunyar dafa shinkafar da muke ajiyewa a bakin ƙofa, duk mai shiga ya jefa wayarsa ciki. Mun san tsoron kada hotonsa ya kai ga mahaifinsa liman ne ya sa Nasir ya kawo dokar. Daga baya muka mayar da ita aƙida, muna taƙama wai waƙarmu sai wanda ya zo da ƙafarsa. Shekara da shekaru muna kiɗa, ba mu naɗi ko ɗaya ba.

Idan kana da wani abu a ɓoye, don Allah ka turo. Ba zan yi maka gori ba.

Naka,
Sirajo

Pantai Dalam
Satumba, 2021

Sharif,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da ka ce ƙafar Baba da sauƙi. Na kuma gode da ka je wa mahaifiyar Nasir gaisuwa a madadinmu.

Na san ba ka da komai, na tambaya ne kawai. Tun daga lokacin nake bin mutane. Kulle ya hana yawo, don haka waya nake bugawa, daga ɗaliban da suka koma gida har direban nan ɗan Indonesiya da ba ya fashin zuwa. Kowa sai ya yi kuka, ya rera mini amshi ɗaya, rabi daidai rabi shirme, sannan ya ce ai shi bai taɓa karya dokar tukunya ba. Da alfahari suke faɗa. Ban taɓa jin haushin masu amana ba sai bana.

Ka san abin dariya? Yaran Malay da suka taso a ƙarƙashinmu suna da ƙungiyoyi yanzu a Setapak, kuma kafin annoba kowace tana ajiye tukunya a ƙofa. Sun ce gadon Tsatsa ne. Na tambayi ɗaya ya rera mini waƙarmu, ya ce shi labari ya ji. Tukunya suka gada, waƙa kuwa babu.

Makon jiya Azlan ya kira ni yana in-ina. Ashe ya taɓa naɗar atisayenmu a ɓoye da kwamfutarsa, shekarar da za ka tafi. Na kusa faɗuwa don murna. Da aka sassauta dokar kulle muka haɗu a kedai ɗin mamak, shagon shayin nan na kusa da shi, ya kunna. Ga bes ɗinka, ga jitarsa, ga ni ina gaggawa kamar an biyo ni. Waƙar "Jirgin Safe" ce daga farko har ƙarshe. Muryar ce babu. Na manta cewa Nasir ba ya rera waƙa a atisaye, wai yana tanadin maƙogwaro. Zama yake a kan akwatin sifika yana cin shinkafa yana gyaɗa kai. Idan ka kasa kunne za ka ji ƙarar cokalinsa a faranti. Iyakar abin da muka samu ke nan.

Na rasa da wace fuska zan kai wa Hauwa'u wannan. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Sirajo

Pantai Dalam
Nuwamba, 2021

Ɗan'uwana Sharif,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kowa lafiya. Hauwa'u za ta taso ranar Alhamis, shi ya sa na zauna rubuta maka wannan da gaggawa.

Na yi ta jan ƙafa har sai jiya da hantsi na ari kwamfutar Azlan na tafi. Gidan duk akwatuna. Na gaya mata gaskiya, cewa na nema ban samu ba, sai kiɗa da cokali. Ta ce in kunna hakanan.

Khaulah tana ƙasa tana zane. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka aka haife ta, bana ta shiga firamare. Ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci ko Malay, har uwarta ta gaji ta bari. Bes ɗinka na shigowa ta ɗaga kai. Da aka iso inda murya za ta faɗo, sai yarinyar nan ta buɗe baki ta kama "Jirgin Safe" da Hausa tsantsa, kalma bayan kalma, har da jan numfashin da Nasir yake yi kafin amshi. Ashe kullum idan yana shirya ta makaranta yakan rera mata, ba mu san tana haddacewa ba.

Hauwa'u ta zaro waya za ta naɗa. Khaulah ta tsaya cak. Ta ce da Turanci Babanta ya ce ba a waƙa waya tana kallo. Muka lallashe ta, ta ƙi. Ta shiga kicin ta jawo tukunyar shinkafarsu da ba a riga an ɗaure ba, ta ajiye a gabanmu. Uwar ta dube ni, na dube ta. Muka jefa wayoyinmu.

Na mayar da kiɗan farko, ta rera. Da aka zo baiti na biyu, daidai inda gangunana suka fara gudu, ta juya kai gefe kamar yadda yake yi, ta ɗaga murya ta ce, "Sirajo, sassauta!" Ta ci gaba abinta. A wurinta cikin waƙar yake. Na fita baranda na yi kukan da ban samu yi ba a maƙabarta.

Ga roƙona. Zan ba Hauwa'u kiɗan, amma kwamfuta ba za ta riƙe wa yarinya waƙa ba, yara suna mantuwa. Hauwa'u ta ce Khaulah ta san wasu waƙoƙin bayan wannan, ba mu san ko nawa ba. Za su zauna a Gwale, ba nisa da kai. Ka ciro bes ɗin nan daga ƙarƙashin gado, ka sa Hureira ta riƙa ɗauko Khaulah ranar Asabar, ka kaɗa mata duk abin da ka tuna, ka ga wanda za ta kama. Kada ka gyara mata ko kalma ɗaya. Kuma ka tanadi tukunya, don ba za ta buɗe baki ba sai ta gan ta.

Ka gaida Baba da Hureira. Allah ya jiƙan Nasir, ya sa ya huta.

Naka har kullum,
Sirajo