Ƙorafi Kan Kaset ɗin da Ya Sa wa Malam Tamu Magana a Baki

Daga: Malama Ummusalma Jibrin,
Makarantar Firamare ta Andarai, Maiyama.
A madadin yayana, Abdulhadi Jibrin, mai shagon kaset a Jega Firchin.

2 ga Maris, 1998.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Al'adu da Yaɗa Labarai, Shiyyar Jega, Jihar Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LALACEWAR HOTO DA SAUTIN KASET ƊIN BIDIYO MAI SUNA "TOKAR RUDU", DA ABIN DA YA JAWO WA WANI BAWAN ALLAH

Bayan sallama da fatan alheri gare ka da ma'aikatan ofishinka, na rubuto ne da yawun yayana Abdulhadi, domin shi ajami yake rubutawa, kuma ko da boko ya iya, a halin da yake ciki ba na jin hannunsa zai riƙe biro. Ga ƙorafinsa kamar yadda ya umarce ni in tsara, ba tare da na rage wanda ya shafe shi ba.

1. A watan Afrilun 1997, kamfanin Hasken Fadama ya zo ɗaukar fim na ramuwa, labarin wani saurayi da ke farautar Ɗantani, mugun da ya ƙone wa mahaifinsa rudu, wato rumfar da ake jibge albasa bayan girbi. Suka nemi dattijo mai kamala da zai fito a matsayin mai gadi. Yayana ne ya kai su Jiga Makera, a ƙasar Aliero, wurin Malam Tamu, wanda gadin rudu ne sana'arsa tun muna yara. Dattijon ya ƙi, ya ce shi bai san wasa ba. Yayana ya yi ta lallashinsa, har ya rantse masa cewa addu'a ɗaya kawai zai yi, "Allah ya mayar da alheri", ya koma bakin aikinsa. Don kunyar mahaifinmu marigayi ya yarda.

2. An kawo wa yayana kaset ɗin ranar 27 ga Janairu, 1998, domin kasuwar Sallah. Hoton, ranka ya daɗe, abin takaici ne. Dishi-dishi yake, ga layi-layi na yawo daga sama zuwa ƙasa, fuskokin 'yan wasa duk sun dusashe kamar an leƙa su ta cikin hayaƙin murhu. Fuska ɗaya ce ta fito tangaran, ta Malam Tamu, saboda shi a rana aka tsayar da shi.

3. Sautin ya fi hoton muni. Ban da shuuu da ke cinye muryoyi har ba a bambance ta yaro da ta tsoho, daga tsakiyar fim maganar tana makara, sai baki ya gama motsi sannan ta iso. A wurin da saurayin ya ritsa Ɗantani, bakin mugun yana motsi ba a jin komai. Ana juyowa kan Malam Tamu, da farin gemunsa da tasbaharsa, sai ga maganar Ɗantani ta faɗo masa a baki: "Ni nas sa ma rudun wuta, kuma ban yi nadama ba." Addu'ar da dattijon ya yi kuwa, a bakin Ɗantani ta sauka.

4. A wani gari da dariya za a yi a wuce. Amma a bazarar 1996 wani rudu ya ƙone ƙurmus a Jiga Makera a hannun gadin Malam Tamu, kuma har yau ba a san dalili ba. A lokacin babu wanda ya zarge shi. Yanzu an nuna kaset ɗin a Aliero da Maiyama da ƙauyukan da ake kai janareta, mutanen da ba su saba kallo ba suna cewa ai da idonsu suka gani, da kunnensu suka ji. Waɗanda suka san wasa ne ma suna cewa to me ya sa aka zaɓe shi ya faɗa. Ga girbin albasa ya kama, manoman da ke ba shi gadi duk shekara sun ba wasu, ko sallama ba su yi masa ba. Mutum ne mai iyali, ba shi da gonar kirki.

5. Wannan sakin layi yayana ya ce in na cire shi bai yafe mini ba. Ya kunna kaset ɗin a shagonsa tun ranar da aka kawo, kafin ya sayar da ko ɗaya. Ya ga inda maganar ta zame, ya ga bakin da ta faɗa, wallahi har dariya ya ce ya yi. Ya san da gobarar 1996. Amma Sallah ta matso, masu saye sun cika ƙofa, sai ya ce wa kansa ai kowa zai gane. Da hannunsa ya ɗaure na Aliero da na Maiyama ya sa a mota. Na faɗa masa abin da ya dace ƙanwa ta faɗa wa yayanta, har da ɗan ƙari, sai dai na tarar ya riga ni yi wa kansa hukunci. Ya rame, ya daina zama majalisa, kuma in motar Aliero ta tsaya kusa da shagonsa sai ya shige ciki.

6. Malam Tamu bai taɓa kallon fim ɗin ba. Ranar 20 ga Fabrairu ya zo shagon yayana, ba da faɗa ba, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya roƙi a nuna masa abin da aka ce ya faɗa, ko tsufa ne ya sa ya manta. Yayana ya ce masa na'urar bidiyon ta lalace. Lafiyarta lau. Dattijon ya yi masa addu'ar Allah ya sa a samu gyara, ya ce zai dawo.

Saboda haka muke roƙon ofishinka, cikin ladabi, da ya umarci kamfanin Hasken Fadama ya janye wannan kaset daga kasuwa, ya kawo na asali wanda magana ta dace da baki, a nuna shi a fili a Jiga Makera a gaban mai gari da manoman albasa. Yayana ya kwashe sauran da ke shagonsa, kuma ya ɗauki nauyin janareta da mota. Yana roƙon a ba shi dama a wurin ya tsaya ya faɗa da bakinsa cewa ya gani kafin ya sayar.

Muna roƙon a hanzarta, ranka ya daɗe, kafin a gama ɗora albasa a rudu, domin in an gama, gadin bana ya wuce Malam Tamu ko da an wanke shi. Kuma dattijon ya aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa yana tafe ya ga ko an gyara bidiyon. Yayana ya ce ba zai sake yi masa ƙarya ba, kuma ba zai iya zama kusa da shi ya kunna masa wannan kaset ba.

Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo. Muna jiran umarninka da dukkan biyayya.

Taka mai ladabi,
Ummusalma Jibrin.

An karanta masa, ya amince, ya sa hannu da ajami:
Abdulhadi Jibrin, Jega Firchin.